Wa Ke Zaɓa wa Yaran Kura Abin Kallo?

Mai zuwa Kura daga birnin Kano ba ya buƙatar guzuri. Tafiyar kimanin kilomita 30 ce a kan titin Zariya, kuma da zarar mota ta cika a Na'ibawa, kafin fasinja ya gama gyara zama an wuce Kwanar Dawaki. Amma malamin da ya kama wannan hanya a ƙarshen hunturu ya ɗauko kaya kamar mai zuwa cin kasuwa: kwali a naɗe, damin katuna masu zane, alli, da kwano guda na tsabar masara a leda. Malamin lissafi ne a wata sakandare cikin birni, aka ɗora masa darasin kwamfuta don babu wani. Tare da shi akwai 'yar ƙanwarsa, ɗalibar kimiyyar kwamfuta a jami'a. Ita ta zana katunan, ita kuma ta matsa lallai a fita wajen gari a gwada su.

Wanda ya gayyace su tsohon abokin karatun malamin ne, shugaban wata firamare a yankin Kura, manomin shinkafa kamar kusan kowa a can. Ƙorafinsa shi ne yaran makarantarsa sun fi iyayensu iya latsa waya, amma a ganinsu wayar ce ta san zuciyarsu, kamar mai duba. Yaro ya kalli dambe sau biyu, gobe ya buɗe ya tarar da dambe jere, sai ya ce ai ita ta san shi.

Maganar ba ƙarama ba ce. A 2018 Neal Mohan, wanda a lokacin shi ke kula da kayayyakin YouTube, ya ce sama da kashi 70 cikin 100 na lokacin da mutane ke kashewa suna kallo a dandalin, a kan bidiyon da tsarin ya zaɓo musu ne, ba wanda suka nema da kansu ba. TikTok kuwa ba ya ma jiran ka nema. A Kano an daɗe ana kai ruwa rana da masu ɗora bidiyo, Hukumar Hisbah ta gayyace su, kotuna sun hukunta wasu. Sai dai duk wannan rigimar a kan mai ɗorawa take. Lissafin da ke ɗauko bidiyon ya kai shi hannun yaro ɗan shekara goma, ba kasafai ake tanka masa ba.

A gadar Tamburawa motar ta rage gudu. Daga nan ake hango matatar ruwan da ke shayar da birni, kuma a nan ne wata dattijuwa a kujerar baya ta ce ita rabon da famfon gidanta ya kawo ruwa har ta manta, kullum sai 'yan ga-ruwa. Aka yi dariya, aka koma kan kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, babu motar haya da za ka shiga a Kano ba a yi wannan hirar ba, kuma kowa na tuna abin da yake biya kafin ranar kamar yadda ake tuna farashin lefe.

Daga Karfi ƙasa take sauya kama. Bayanka ƙura ce da busasshen kara, gabanka kuma kore shar har iyakar gani, a watan da ko ɗigon ruwan sama babu. Masu gasasshiyar masara suka yanyame tagogin motar. Masarar Karfi ta yi suna, kuma abin da ɗalibar ta biya na uku, a unguwarsu biyu ba za su samu ba. Kawun nata ya ce ai a bakin gona take, babu kuɗin mota a kanta.

Sirrin wannan kore madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Tana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2, kuma daga can ruwan ke gangarowa da kansa, ba inji ba fetur, ta babban kanal zuwa ƙananan rassa, ya ratsa ƙananan hukumomin Bunkure, Garun Malam da Kura. An tsara kashin farko na aikin ban ruwan a kan hekta 22,000, daga baya ya koma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Daga baya shirin TRIMING, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, ya zo ya yashe kanal-kanal ya gyara ƙofofin ruwa. Da damina shinkafa, da rani tumatir, alkama, albasa da masara. Mutumin birni da ke sayen ruwa a jarka, idan ya ga manomi ya lanƙwasa guntun bututun roba ya zuƙo ruwa daga kanal ya sake shi cikin gona ya tafi abinsa, sai ya rasa bakin magana.

Kura kuwa da hanci ake fara saninta. Ƙamshin shinkafar da ake gumawa ne ke tarar baƙo, sai ƙarar injinan casa, sai tsibin ɓuntu a bayan kowane inji. Mata ne ke da gumi a cikin gidaje, maza na shanya a fili suna juyawa da ƙafa, dillalai na cusa hannu a buhu suna duba jamila ce ko sipi. Kafin shinkafa, garin da rini aka san shi: turkuɗin Kura mai ƙyalli har Agadas Buzaye ke nemansa. Gaisuwar dagaci da nuna takardar izini ba su ɗauki lokaci ba. Ya ce in dai karatu ne, Allah ya ba da sa'a.

A gidan shugaban makarantar, an sauki malamin a ɗakin baƙi na soro, ɗalibar kuma aka shige da ita cikin gida wurin uwargida. Mai masaukin bai yarda a yi maganar aiki ba sai da aka ci. Da rana garau-garau, shinkafa da wake da mai da yaji, an yanka tumatir da albasa da latas a kai har ba a ganin shinkafar. Da daddare tuwon shinkafa miyar taushe. Malamin ya yi yunƙurin aika yaro ya sayo lemo, maigidan ya ce, "Haba Malam, a gidana?" Abin da ba a faɗa wa baƙo ba shi ne sauro. Inda ruwa ke kwance shekara zagaye, sauro ba shi da lokaci, kuma gidan sauron da aka ɗaura masa shi ne kyautar da ya fi godewa.

Bayan isha'i suka fita shan shayi. Kusa da mai shayin akwai shagon caji, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, ga kuma saurayi gaban tsohuwar kwamfuta yana tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi. Tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025, kasuwarsa ba ta yi sanyi ba. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai kalli Labarina ko Izzar So kai tsaye a YouTube ba, gara ya ba da 'yan canji a tura masa. Malamin ya zauna yana kallon yadda yake aiki. Wani ya miƙo waya ya ce a sa masa fassarar Algaita, saurayin ya tura, ya ƙara masa wani fim ɗin da bai tambaya ba.

"Me ya sa ka ƙara masa wannan?"

"Malam, duk wanda ya karɓi wancan, wannan yake dawowa nema. Na gaji da jira su dawo."

A taƙaice darasin gobe ke nan, daga bakin wanda bai taɓa shiga ajin kwamfuta ba. Bambancin kawai shi ne wannan saurayin yana da fuska. Ya san wanda ke da aure da wanda yake yaro, ya san ɗan liman, kuma in ya tura wa yaro abin da bai dace ba, uban yaron ya san ƙofar shagon.

Da safe aka haɗa 'yan aji biyar da shida a ƙarƙashin darbejiya, don ajin ya yi musu kaɗan. Aka shimfiɗa kwalin, an ja masa layuka: kowane yaro da layinsa a kwance, kowane kati da gidansa a tsaye. Katuna goma ne: ƙwallon Turai, dambe, wa'azi, girki, lalle, fim ɗin Indiya, barkwanci, noman tumatir, gyaran babur, waƙar biki. A katin wa'azi ɗalibar lasifika kawai ta zana, ba rubutu, tunda a ƙasa za a ajiye. Aka ba kowa tafin masara. Ƙa'idar mai sauƙi ce. In za ka tsaya ka leƙa, tsaba ɗaya. In za ka kalla har ƙarshe, biyu. In har za ka tura wa aboki, uku. In wucewa za ka yi, kada ka sa komai.

Sai aka ware yara uku aka ce su ne inji. An hana su tambayar kowa komai, an hana su amfani da abin da suka sani game da abokansu. Ƙirga kawai. Su nemo layuka biyu da suka fi kama da juna, su duba katin da ɗaya ya zuba wa masara ɗayan bai kai gare shi ba, su miƙa masa. Wannan dabara, ta auna mutum da masu irin ɗabi'arsa, ita masu bincike a Jami'ar Minnesota suka gwada a 1994 da tsarin GroupLens, kuma a kanta Netflix ya sa gasar dala miliyan 1 a 2006, wadda ba a cinye ba sai 2009. Na yau sun fi haka zurfi nesa ba kusa ba, suna auna har daƙiƙoƙin da yatsa ya yi kafin ya ture bidiyo, amma ginshiƙin bai sauya ba.

Injin ya yi ta cankar daidai, yara na ihu. Sai aka zo kan wani yaro mai shiru-shiru, inji ya miƙa masa katin lalle. Wuri ya kaure da dariya. Da aka duba, ashe ya faki ido ya sa tsaba biyu a gidan girki, layinsa ya koma kama da na 'yan mata. Yaron ya sunkuyar da kai. Malamin ya tsawatar, ya tambaye su wa ya soya musu ƙwai a wurin mai shayi jiya, mace ce? Aka yi tsit. Sannan ya nuna musu abubuwa biyu da suka faru a gabansu: inji ya riƙe abin da yaron bai faɗa wa kowa ba, sannan ya yi masa hukuncin da ba daidai ba, domin son girki bai nufin son lalle. Najeriya ta yi dokar kare bayanan jama'a a Yunin 2023, amma wannan 'yar kunyar da yaron ya ji ta fi kowane sashe na doka bayyana musu dalilin yin ta.

Zagaye na biyu ya fi daɗi. Aka ce yanzu inji ba zai nuna duka goman ba, uku da suka fi tara masara kawai zai ɗaga sama. Ƙwallo, barkwanci da fim ɗin Indiya suka fito. Da yake su kaɗai ake gani, su aka ƙara zuba wa, suka ƙara nisa. Noman tumatir, da ya samu masoya a farko, ya ɓace. Ɗalibar ta zaro sabon kati, kiwon kifi, ta ajiye. Ba shi da tsaba ko ɗaya, don haka inji bai ɗaga shi ba, kuma tunda bai ɗaga shi ba, ba zai taɓa samu ba. Shugaban makarantar, da ke tsaye a gefe, ya ce wannan ai rabon ruwa ne: gonar da ke bakin kanal ta sha ta ƙoshi, ta can ƙarshe sai abin da ya rage. Babu yaron da ya buƙaci ƙarin bayani, don rabinsu sun taɓa raka iyayensu tsaron ruwa da dare.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce to a riƙa jefo sabon katin jefi-jefi ko ba a nema ba, a ga ko wani zai so. Haka kamfanonin ke yi, kuma injiniyoyinsu na karɓar albashi mai tsoka a kan tantance sau nawa za a jefo.

Ba a Kura aka fara wannan tunani ba. A 2019 Blakeley Payne ta cibiyar MIT a Amurka ta fitar da darussa na 'yan ƙaramar sakandare kan ƙirƙirarriyar basira da ɗa'a, inda a ƙarshe yara ke sake zana YouTube a takarda yadda suke ganin ya kamata. A Finland, Farfesa Matti Tedre da abokan aikinsa a Jami'ar Gabashin Finland sun ƙera Somekone, wata manhaja mai kama da Instagram: yara na ture hotuna a wayoyinsu, a allon aji kuma suna ganin yadda ake tattara bayanansu ana karkasa su rukuni-rukuni. Koyar da kwamfuta ba tare da kwamfuta ba kuma tsohuwar hanya ce, Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand ya yaɗa ta tun shekarun 1990. Gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhajar karatu a 2025 mai ɗauke da darussan fasahar zamani. A makarantar da babu wuta, babu intanet, hanyar Tim Bell ce kaɗai ke buɗe.

Abin da ya fi komai a tafiyar bai faru a gaban malamin ba. Da yamma, a cikin gida inda namiji baƙo ba ya shiga, 'yan matan unguwa suka taru wurin ɗalibar, iyayensu mata na tsince shinkafa suna saurare. Ta shimfiɗa kwalin, ta ce kowa ta kama layinta. Wata budurwa ta ce, "Anti, ni fa ba ni da layi. Wayar Yaya ce. In na karɓa ƙwallo kawai take kawo min, in na mayar kuma ya yi ta faɗa wai na ɓata masa ita da lalle." Sauran suka ce su ma haka, wata ta Umma, wata ta Baba in ya dawo daga gona.

Nan take ɗalibar ta sauya wasan. Ta ce 'yan gida ɗaya su juye masararsu a layi ɗaya. Inji ya ƙirga, ya fitar da wani mutum da babu shi a duniya: mai son wa'azi da asuba, dambe da rana, lalle da yamma. Kuma da yake wanda ya fi daɗewa da waya a hannu shi ya fi zuba masara, zaɓin kullum wajen Yaya yake karkata. Uwargida ce ta kai maganar inda 'yan matan ba su kai ba. Ta ajiye faifan ta ce, "Ke nan abin da babban ya kalla da dare, shi zai fito wa ƙaramin da safe?" Aka ce mata haka ne. Ba ta ƙara cewa komai ba, amma a daren an ji tana kiran babban ɗanta.

Kayan koyarwar da aka ƙera a Amurka da Finland an gina su ne a kan yaro ɗaya, na'ura ɗaya. Ba laifinsu ba ne, haka ajinsu yake. Amma duk wanda ya kwaso su ya kawo ƙauyukan Kano yadda suke, zai koyar da rabin darasi, ya bar rabin da ya fi damun iyaye.

Kashegari suka yi kudu. A Kadawa suka wuce tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello da kamfanin tumatir na Ɗangote da aka buɗe a 2016, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har kwandon tumatir ya gagari talaka. A Kwanar Gafan kuwa tumatir ne ko'ina, kwanduna jibge, manyan motoci na lodi zuwa Legas, abin da ya rasa mai saye an yanka an baza a gefen hanya ana kauɗa. Kuɗin da zai cika leda a 'Yankaba, a nan bokiti yake cikawa, kuma mai sayarwa na ƙara gyara ba a roƙa ba. Murnar mai saye ce, manomin da ke zaune kan kwandonsa tun safe ba dariya yake ba.

Daga nan babur suka hau, suka bi hanyar gefen kanal zuwa ɓangaren Bunkure. Alkama ta fara ja, yara na ninƙaya a ruwan duk da gargaɗin ma'aikatan lafiya kan tsargiya. A wani ƙauye aka tare su da fura da nono mai sanyin randa, aka ba su farfajiyar Islamiyya bayan la'asar.

A nan suka gwada kashi na ƙarshe. Masara ɗaya, kwali ɗaya, amma aka naɗa wa inji iyayen gida uku, bi da bi. Na farko mai kamfani, burinsa kada yaro ya ajiye waya. Na biyu mai sayar da maganin feshi, ya biya da marafan kwalba don a ɗaga katinsa. Na uku uwa. Sau uku inji ya ƙirga tsabar da ba ta sauya ba, sau uku ya fitar da katuna daban. Yaron da ya zama mai kamfani ya yi ƙememe ya ce barkwanci kawai za a nuna, da aka tambaye shi dalili ya ce ai shi kuɗi yake nema. Wani dattijo da ya jingine kekensa yana kallo ya matso ya ce, "Malam, to wannan maganin sharon da ke ta fito min a waya, mai kyau ne ko biya aka yi?" Malamin ya ce, "Baba, wayar ba za ta faɗa maka ba. Malamin gona za ka tambaya." Dattijon ya ce malamin gona ai sai an yi sa'a ake ganinsa.

Sun dawo ta hanyar Bunkure zuwa Karfi, a motar da aka cika bayanta da albasa. Bokitin tumatir da aka ba su tsaraba sai da direba ya caje shi rabin kuɗin kujera. A hanya ɗalibar ta ɗora takarda a gwiwa tana sake zana kwalin: layi ba na yaro ba ne yanzu, na waya ne, da ƙananan gidaje a ciki na masu karɓa. Ta ce, "Kawu, wannan ko a birni sai mun gwada, ɗalibanka nawa ne ke da tasu?" Ya yi lissafi a ka, ya ce ba su kai rabi ba.

Katunan an bar wa shugaban makarantar, zai kai Kura a lulluɓe su da roba. Sharaɗi ɗaya ya gindaya musu: in za su dawo, kada su zo lokacin dashen shinkafa, don a makonnin nan rabin ajinsa na cikin taɓo ana biyansu kuɗin yini.